Yadda ake riƙe bargar dawaki har ta ciyar da kanta

Doki yana cin abinci kwana 365 a shekara, amma kwanakin da yake shigo da kuɗi ƙalilan ne: hawan ƙaramar sallah da na babba, naɗin sarauta, hawan angwanci, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Saboda haka ribar barga tana fitowa ne daga yadda ka sarrafa kwanakin da doki yake tsaye a turke, wato nawa ya ci, yaushe ka sayi abincin, sau nawa ya kwanta ciwo, kuma ina kashinsa ya tafi. Wannan bayani na wanda zai riƙe dawakin gida ne tsakanin uku zuwa goma, kuma duk lissafin da ke ciki an yi shi a kan doki biyar.

Kayan da za ka tanada

Kafin doki ya shigo, ka mallaki sikelin rataye wanda zai ɗauki kilo 50, da tef ɗin awo irin na tela, da ma'aunin zafin jiki, da littafi mai kauri na rubuta shige da fice. Waɗannan huɗun su ne aka fi rainawa, kuma su ne suka fi tsare dukiya. Sai baro, da shebur, da manjagara, da bokiti na kowane doki, da komin abinci, da duro mai murfi na ajiye hatsi, da buroshi mai tauri da mai laushi, da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa na sakace kofato. A ajiye ragama da igiya mai kauri ga kowane doki. A akwatin magani a sa aidin, da auduga, da bandeji, da gishiri, da almakashi, a kuma rubuta lambar likitan dabbobi a jikin bango inda kowane ɗan barga zai gani. In babu ƙarfen kofato, maƙeri zai lanƙwasa maka guntun rodi ya dakushe bakinsa. In babu komi, a tsaga duron roba gida biyu a goge bakin don kada ya yanki leɓe.

Mataki na 1: Lissafi da sayen doki

Ka fara da rubuta abin da doki ɗaya zai ci maka a rana: harawa, hatsi, dusa, ruwa, kasonsa na albashin ɗan barga, da na magani da gyaran kofato. Ka ninka sau 365, ka raba da yawan fitar da kake sa ran zai yi. Idan zai fita sau 40 a shekara, kowace fita sai ta biya kuɗin riƙonsa na kwana tara da ɗoriya kafin a fara maganar riba. In lissafin bai fita a takarda ba, ba zai fita a barga ba, sai dai ka rage yawan dawakin ko ka ƙara wata hanyar samu daga cikin waɗanda za su zo a mataki na ƙarshe. Kada ka jingina komai da sallah. A 2020 an dakatar da hawan sallah a Kano saboda annobar korona, dawakin kuwa ba su daina ci ba.

A kasuwa, ko Maigatari ce ko wata, kada launi ya ɗauke maka hankali. Kili da akawal suna da farin jini wajen masu haya, gaskiya ne, amma ƙafa za ka fara dubawa. A ja dokin a gabanka a ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, da tafiya sannan da sassarfa. Dokin da yake ɗaga kai duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taɓa ƙasa, wannan ƙafar tana masa ciwo. Ka ɗaga kofato huɗun ɗaya bayan ɗaya, ka shafa bayansa ka nemi tabo ko farin gashi inda sirdi ke zama, ka duba haƙora don shekaru, ka duba hanci ko yana yoyo. Dokin da ke da ƙuraje a jere kamar carbi a ƙafa ko wuya, masu fashewa da mugunya, ka bar shi ko da kyauta ne, domin wannan ciwo yana yaɗuwa ta ƙuda da kayan hawa, kuma yana da wuyar warkewa.

Sabon doki ya zauna shi kaɗai mako uku, nesa da sauran, da bokitinsa da buroshinsa. A auna zafin jikinsa safe da yamma. Murar dawaki da ta ratsa Sakkwato da Nijar daga ƙarshen 2018 zuwa 2019, ta kashe jakuna masu yawa, irin cutar da ke shiga barga ta kan dabba ɗaya ce da aka haɗa da sauran ranar da aka sayo ta.

Mataki na 2: Wurin kwana

Ka zaɓi tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Ɗakin doki ɗaya ya zama mita 3.5 a kowane ɓangare, tsayin rufi mita 3, faɗin ƙofa mita 1.2. A jera ɗakunan daga gabas zuwa yamma, ƙofofi su kalli kudu, a rufe gabas da arewa da bango, domin hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. A bar tazara tsakanin kan bango da rufi iska ta riƙa ratsawa. Rufin kwano kaɗai yana gasa doki a watan Afrilu, don haka a shimfiɗa zana ko kara a ƙarƙashinsa. Bangon da ke tsakanin ɗakuna ya tsaya daidai ƙirji, a ƙarasa sama da sanduna, saboda doki dabbar garke ce, in ba ya ganin ɗan'uwansa sai ya fara cizon katako da kaɗa kai.

Daɓen marmara da aka buga sosai ya fi siminti sauƙi ga ƙafa. A ɗan karkata shi wajen ƙofa, santimita 2 a kowace mita, fitsari ya gangara cikin kwata zuwa kwatami mai tsakuwa, kada ya fita layi ya dami maƙwabta. A kai a zuba buntun shinkafa ko garin katako mai kauri kamar faɗin tafin hannu. In siminti ka riga ka yi, a karce shi kada ya yi santsi, a kuma ninka shimfiɗar.

Wanda ba shi da halin gini ya yi rumfa da turaka, kamar yadda aka saba. Sai dai a ba da tazarar da doki ba zai kai wa na kusa da shi hauri ko cizo ba, musamman ingarmu. Igiyar ƙafa ta zama mai faɗi da laushi, a naɗe ta da tsumma, a riƙa sauya ƙafar. Igiyar leda siririya tana cin fata har ta zama gyambo. Kuma ko ɗaki ne ko turke, kowane doki ya samu aƙalla awa ɗaya a sake a fili kowace rana, ya yi birgima ya miƙe jiki.

Mataki na 3: Auna doki, ka yanka masa abinci

Abinci da magani duk da nauyi ake ba da su, don haka sai ka san nauyin dokinka. Ka zagaya tef a ƙirjinsa, daidai bayan ƙafafun gaba inda majayi ke zama. Sannan ka auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu. Ka ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawo, ka raba da 11,880. Dokin da ƙirjinsa ya ba da santimita 160, tsawonsa 150, nauyinsa wajen kilo 320 ne.

Doki yana cin busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana. Ga mai kilo 320, kilo shida da rabi ke nan. Mafi yawansa, kilo biyar zuwa biyar da rabi, ya zama ciyawa da harawa. Hatsi cikon aiki ne: kilo ɗaya ga mai ɗan kilisa, biyu zuwa biyu da rabi ga mai aiki sosai (shi jimillar abincinsa takan haura kilo shida da rabin), kuma dokin da ke hutu da jiki mai kyau yana iya rayuwa a kan harawa da ciyawa da gishiri kawai. Ka auna kwanon da kake ɗiba da shi a sikeli sau ɗaya, domin kwanon dusa da kwanon dawa ba nauyinsu ɗaya ba.

A nan ne akasarin masu doki suke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Tumbin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga sai ya wuce ta hanji. In aka zuba masa kwano biyu na dawa a zama ɗaya, hatsin da bai narke ba yana wucewa babban hanji ya yi tsami, sai ciwon ciki ya biyo baya, ko zafin kofato, inda za ka ga doki ya tura ƙafafun gaba ya jingina baya, kofaton da ɗumi. Saboda haka kada hatsin zama ɗaya ya wuce kilo ɗaya da rabi ga doki irin wannan, kuma ƙasa da haka ya fi. A raba sau biyu ko uku, a fara ba da ruwa da harawa kafin hatsi. Dawa da gero ƙanana ne masu tauri, in ba a ɓarza su ko an jiƙa ba za ka gan su a kashi yadda suka shiga, ka ciyar da kaji ke nan da kuɗin doki. Abin da aka jiƙa a ba da shi cikin 'yan awoyi kafin ya yi tsami. Duk sauyin abinci, har da komawa ɗanyar ciyawa a farkon damina, a yi shi sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 14. Ranar da doki ba zai fita ba a rage hatsinsa da rabi, in ba haka ba ranar da ya koma aiki naman cinyoyinsa na iya ɗaurewa, ya yi fitsari baƙi-baƙi.

Dusa tana da araha, shi ya sa ake cika ta. Amma sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam kuma ya yi kaɗan. Dokin da ya daɗe a kan dusa da busasshiyar ciyawa kawai, ƙashinsa yana yin laushi, ƙasusuwan fuska su kumbura, ya riƙa ɗingishin da ba a san daga wace ƙafa yake ba. Harawar wake da ta gyaɗa su ne maganin wannan, domin suna da kalsiyam. Ka sa su zama kamar sulusi zuwa rabin ciyawar rana, sauran ingirici na harkiya ko ƙyasuwa ko gamba da aka yanka da ƙuruciyarta. Gishiri cokali biyu na cin abinci a rana, a ƙara lokacin zafi. Kanwa ba ta maye gurbin gishiri, kuma in ta yi yawa tana sa zawo.

Abubuwan da ba sa shiga komin doki ko kaɗan: abincin kaji na kamfani, domin wani yana ɗauke da maganin monensin wanda kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki, abincin shanu mai yuriya, masara mai fumfuna, wadda gubarta ke taɓa ƙwaƙwalwa, da ɗanyar dawa ƙarama ko gyauronta. A tsince zaƙami da zurma da tumfafiya da ganyen samberu daga duk ciyawar da aka sayo a ɗaure. Kuma kada a zuba abinci a kan yashi. Doki yana haɗiye shi kaɗan-kaɗan har ya taru ya toshe hanji.

Mataki na 4: Tara harawa da kaka

Wannan mataki shi ne rabin ribar shekara. Harawar da ake roƙon mutum ya saya a watan Nuwamba, ita ce ake nema ido rufe a watan Mayu. Ka lissafa daga Nuwamba zuwa ƙarshen Yuni, kwana 240. Doki biyar, kowane kilo biyar da rabi na harawa da ingirici a rana, kilo 6,600 ke nan. Ka ƙara kashi 15 cikin 100 na abin da zai zube ko ya lalace, ya zama wajen kilo 7,600. Ka rataya dami goma a sikeli ka fitar da matsakaicin nauyinsu. In kilo huɗu ne, dami 1,900 kake nema. Da nauyi za ka yi ciniki a zuciyarka, domin ɗaurin rani ya fi na kaka ƙanƙanta.

Harawa mai kyau kore ce, ganyenta na jiki, tana da ƙamshi. Ka zura hannu tsakiyar dami: in ka ji ɗumi ko laima, ko ka karkaɗa farar ƙura ta tashi, ka bar ta. A jera ta a kan katako ko duwatsu, taƙi ɗaya daga ƙasa saboda gara, ƙarƙashin rufi. Wadda aka bari a kan rufin ɗaki rana tana dukanta wata biyar, ta koma fara, ganyen ya kakkaɓe, kara kawai ya rage. Ma'ajiyar ta yi nesa da murhu da janareta da wayar lantarki.

Mai gona ya shuka wake mai yaɗo tsakanin gero ko dawa, ya samu hatsi da harawa a fili ɗaya, ƙasar kuma ta ƙaru. Wanda ba shi da gona ya ƙulla da manomi tun damina: taki daga barga, harawa daga gona.

Mataki na 5: Ruwa

Doki ɗaya yana shan lita 25 zuwa 30 a ranar sanyi, 40 zuwa 50 ko fiye a bazara ko bayan aiki. Doki biyar, duro guda na lita 200 a rana, ban da wanka. Ruwa ya kasance a gabansa koyaushe. In ba zai yiwu ba, a shayar aƙalla sau huɗu, har da dare. Ciwon cikin da ke yawaita a hunturu mafi yawansa daga busasshen abinci ne da ƙarancin sha. A wanke bokiti kullum. A sa indararo a rufin barga zuwa tanki: kowace milimita ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 60 a shekarar da aka samu milimita 700 zai zubo da lita dubu 42. Ruwan wanka kuma a ja shi zuwa gindin itatuwan inuwa maimakon ya zama taɓo. Gawo ya dace da filin barga, domin da rani yake ganye, lokacin da ake neman inuwa. A kewaye gindin kowace bishiya, doki yana ɓare ɓawo.

Mataki na 6: Duban safe

Kafin a zuba komai, ɗan barga ya tsaya ya duba abu huɗu: ko doki ya cinye na jiya, nawa ya sha, yaya kashinsa, kuma yaya tsayuwarsa. Lafiyayyen doki yana kashi sau takwas ko fiye a yini da kwana, dunƙule-dunƙule masu laima da ke fashewa in sun faɗi. Ƙanana masu tauri alamar ƙarancin ruwa ce. Zafin jiki 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin salshiyos, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16. Dasashi ya zama ja-ja mai laima, in ka danna da yatsa launin ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Ka shafa haƙarƙari: a ji su da hannu, kada a ƙirga su da ido.

Sannan a kwashe kashi da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa safe da yamma, a goge jiki, a sakace kofato daga dunduniya zuwa gaba. Wari da baƙin ruwa a tsagin kofato daga tsayuwa cikin fitsari ne, a wanke a sa aidin a busar da wurin. A yanke kofato duk mako shida zuwa takwas. Dokin da ke zubar da abinci daga baki ko yana rama alhali yana ci, a sa likita ya duba turamen haƙoransa, wataƙila sun yi kaifi suna yankar kunci.

In ka ga doki yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, ciwon ciki ne. Ka kwashe abinci, ka kira likita nan take, ka riƙa jan sa a hankali in yana iya tafiya. Kada a ɗaga kansa a yi masa ɗuren mai ko jiƙo, balle ta hanci. Abin da ya kauce ya shiga huhu yana kashe dokin da ciwon cikin da kansa zai iya bari.

Mataki na 7: Rigakafi

Doki yana cikin dabbobin da tetanus ta fi kamawa, cutar da ke sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi, kuma ƙusa ɗaya a kofato ta isa. Allura biyu ce da tazarar mako huɗu zuwa shida, sannan a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Cutar dawaki ta Afirka kuma ƙyashi ne ke yaɗa ta, ƙwarin nan da ba su kai sauro ba, masu cizo da magariba da asuba, masu hayayyafa a taɓon da ya haɗu da kashi. Alamarta zazzaɓi, kumburin ramin da ke saman ido, wahalar numfashi, wani lokaci kumfa ta hanci. Ba ta da magani. Ka nemi likita ya samo rigakafinta kafin damina, ka shigar da dawaki ɗaki kafin faɗuwar rana, ka hana ruwa kwanciya kusa da barga.

Maganin tsutsar ciki da nauyi ake ba da shi. Ivermectin, misali, miligiram 0.2 ne ga kowane kilo. Ba da ƙasa da ƙima da yawan maimaitawa su ne ke sa tsutsa ta daina jin magani. Inda akwai ɗakin gwaji, a kai kashi a duba kafin a ba da. Inda babu, farkon damina da ƙarshenta, tare da kwashe kashi daga filin sakewa sau biyu a mako. Kaska a cire da hannu a ƙarƙashin wutsiya da kunne da tsakanin cinyoyi. Kada ka taɓa fesa wa doki maganin kaskar shanu mai amitraz, yana tsayar masa da hanji. Allura ɗaya, doki ɗaya. Kwalaben magani da allurai a tara a gwangwani mai murfi, kada su shiga juji.

Mataki na 8: Mai da kashi taki

Doki mai kilo 320 yana fitar da wajen kilo 15 na kashi da fitsari a rana. Doki biyar, sama da tan biyu ke nan a wata, ban da shimfiɗa. In ka bar shi a bakin ƙofa, ƙuda da wari da rigimar maƙwabta ne. In ka sarrafa shi, kaya ne da masu lambu da 'yan fadama ke biya.

Ka ware wuri a inuwa, aƙalla mita 30 daga rijiya, inda ruwan sama ba zai wanke shi zuwa kwata ba. Ka yi gurbi uku a jere. A na farko a riƙa zuba kashi da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa da ragowar harawa, ana yayyafa ruwa, har tsibin ya kai mita ɗaya da rabi a faɗi, mita ɗaya da 'yan kai a tsayi. Laimar da ake so ita ce in ka matse a hannu ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. A rufe da tsofaffin buhuna ko zana. Ka soka rodi a tsakiya. Bayan kwana uku zuwa biyar ka zaro shi, in ya yi zafin da ba za ka iya riƙewa da daɗewa ba, aiki ya kama. Wannan zafin, digiri 55 zuwa 65, shi ke kashe ƙwan tsutsa da irin ciyawa. Bayan mako biyu a juya shi zuwa gurbi na biyu, na gefe ya koma tsakiya, a ƙara ruwa. Bayan wasu mako biyu ko uku a mai da shi na uku ya huce. Cikin wata biyu zuwa huɗu zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar damina.

Tsibin da bai yi zafi ba, ko ya bushe ne ko garin katako ya yi yawa, a ƙara ruwa da ɗanyen kashi. Wanda ke wari ya jiƙe da yawa, a juya a ƙara buntu. Kada a ƙona kashi, kada kuma a watsa ɗanyensa a filin da dawaki ke kiwo. A tankaɗe takin a zuba a buhu, na buhu ya fi na tifa daraja wajen masu furanni da masu renon itatuwa.

Mataki na 9: Shirin hawa da ba da haya

Dokin da ya yi wata uku a turke ba a fitar da shi ranar sallah a ce ya yi sukuwa. A fara mako shida zuwa takwas kafin hawa. Mako biyun farko tafiya ce ta minti 20 zuwa 30, da sassafe ko bayan la'asar. Mako biyu na gaba a ƙara sassarfa, lokacin ya kai minti 45. Daga nan a shigo da gajeriyar sukuwa a ƙasa mai laushi, a kuma riƙa ɗora masa kayan da zai sa ranar, a saba masa da ganga da algaita da ƙarar bindiga daga nesa. Nauyin mahayi da sirdi da ado kada ya zarce kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin doki, wato wajen kilo 65 ga mai kilo 320. Babban mutum da cikakken ado sai babban doki. Duƙushi kuma ba a ɗora masa aiki kafin ya cika shekara uku.

Sirdi kada ya zauna a kan ƙashin baya. Bayan an ɗaure majayi, yatsu uku su shiga tsakanin gaban sirdi da tudun kafaɗa. Zubuka, wato shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashin sirdi, ta zama busasshiya mai tsabta, ba ƙulli ba ninki. Mikin baya ɗaya yana ajiye doki mako uku ko fiye yana ci ba ya fita, don haka gyaran sirdi ya fi jinya araha. Linzamin gargajiya mai zobe yana da ƙarfi ƙwarai. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa, a hannun yaron da ya karɓi haya kuwa yana tsaga harshe da dasashi. Na haya a sa musu linzami mai sauƙi, kuma kada a ba ɗan haya ƙaimi.

Doki ba ya fita haya sai da ɗan barga a biye. A rubuta lokacin fita da na dawowa, a karɓi kuɗin ajiya, a ɗauki hoton ƙafafu da baya da baki a waya a gaban mai haya. A gaya masa ƙarara ba sukuwa a kwalta, ba goyo, ba fita da tsakar rana. A bincika ko hukuma ta hana kilisa a titunan garin a lokacin. Da an dawo a sassauta majayi, a ja shi ya yi tafiya minti goma, a kwara masa ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi har numfashinsa ya daidaita, a bar shi ya sha. Hatsi sai bayan awa ɗaya. Washegari hutu.

Mataki na 10: Ƙarin hanyoyin samu da rufe littafi

Abin da ya fi kawo kuɗi a kai a kai shi ne riƙon dawakin wasu. Ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sarauta da yawa suna da doki ba su da wuri ko lokaci. Ka yanka kuɗin wata a kan lissafin mataki na farko da ribarka a kai, a rubuta wa ke biyan magani, a kuma amince farashin zai motsa in hatsi ya motsa. Sai koyar da yara hawa ranakun hutu da doki mai sanyin hali, wanda aka dandaƙe ya fi dacewa da wannan. Sai horar da duƙushi, da barbara in kana da ingarma mai kyau, da sayar da rarar harawa a bazara. Kiwon goɗiya don haihuwa yana cin lokaci: ciki wata goma sha ɗaya, yaye a wata biyar zuwa shida, sannan shekaru kafin a hau. Kada mai farawa ya sa jarinsa duka a nan.

Kowane doki ya samu shafinsa a littafi: nauyinsa na kowane wata, abin da ya ci, magani da ranarsa, gyaran kofato, fitarsa da abin da ya kawo. Ƙarshen wata ka zauna da babban ɗan barga ku karanta tare, ka biya shi a kan lokaci, ka ware masa wani kaso daga kuɗin taki don ya kula da tsibin. Bayan babbar sallah ka jera shafukan. Dokin da shekara guda kuɗin riƙonsa ya fi abin da ya kawo, ka duba dalili: in sirdi ne ko haƙori ko horo, a gyara, in bai dace da aikin bargarka ba, ka sayar da shi yana da ƙiba da lafiya ga wanda zai riƙe shi da kyau, kafin lokacin sayen harawa ya zo, sannan ka sake lissafin damin a kan dawakin da suka rage.